Yadda za ki rubuta labarin bin diddigi mai mafarki a ciki, irin na unguwanninmu na Makka

Duk mai bin littattafan Hausa a waya ta san abin da ya cika kasuwa, soyayya ce da kishiya da auren dole, ba laifi muna karantawa. Amma akwai wani irin labari da mu mazauna Makka da Jidda kayan haɗinsa na gabanmu kullum kuma kusan ba mai taɓa shi, wato a ce wani abu ya ɓata a unguwa ko an ƙulla wa wani sharri, sai wata tsohuwa ko wani mai bagala, wato ɗan kantin unguwa, wanda shi ba askar (ɗan sanda) ba ba lauya ba ya bi sawu a hankali har gaskiya ta fito. Ba jini, ba bindiga, ba batsa, mutum ya karanta bayan isha'i da kofin shayinsa ya kwanta lafiya. Turawa sun daɗe a kai, tsohuwar nan Miss Marple ta Agatha Christie tun 1930 littafinta na farko ya fito. Ni abin da nake so mu ƙara shi ne mafarki, don mu mutane ne da in an yi mafarki da safe sai an nemi mai fassara. Zan yi magana da "ki" tunda mata sun fi yawa a harkar, maza ku ma da ku ake.

Ki fara da zaɓen wurin da labarin zai faru, kuma ki matse shi sosai. Kar ki ce labarinki a Saudiyya yake, Saudiyya ta yi girma. Ki ɗauki hosh ɗaya, wato gidan yawa mai tsakar gida ɗaya, ko lungu ɗaya a wajen Shari'a Mansur ko Misfala ko Jarwal, inda kowa ya san kowa, an san mai fita asuba sayen ful da tamis, an san wadda mijinta ya yi tafiya Kano bai dawo ba, an san gidan da ake dafa wa alhazai tuwo da miyar kuka lokacin aikin hajji. Mutum shida ko bakwai sun isa a zarga, in suka wuce haka mai karatu zai manta sunayensu. Sannan ki tsayar da shekarar da labarin ya faru, don unguwanni sun canja, a Jidda rusau ɗin da aka fara ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022 ya tafi da wurare irin su Gulail da Sabil, in kika sa Gwaggonki tana yawo a lungunan da babu su yanzu to ki nuna kafin rusau ne, in ba haka ba 'yan Jidda za su kama ki tun shafin farko.

Sai mai binciken. Ni dai shawarata tsohuwa, mu kira ta Gwaggo, wadda sana'arta ke shigar da ita gidaje ba tare da an tambaye ta me ya kawo ki ba: mai fura, mai kitso, mai wankan jego, mai haɗa turaren wuta. Irin wannan matar ana magana a gabanta kamar ba ta wurin, kuma in ta yi tambaya ba a ɗauka bincike take ba, cewa za a yi surutun tsufa ne. Ki ba ta aibi ɗaya ko biyu, son jin ƙwaƙwaf ko riƙo ko rowar goro, don waliyyiya ba ta daɗin karatu. Ki haɗa ta da jikarta 'yar makaranta mai Larabci tar da waya a hannu, ita za ta karanta mata saƙo da rasit, kuma da ita Gwaggo za ta dinga tunani a fili mai karatu na ji.

Akwai tambayar da dole ki amsa tun farko, me ya hana a kira hukuma? Marubutan Turai suna shan wahala a nan, sai sun mai da ɗan sandan ƙauye wawa. Mu kuwa amsar na zaune da mu, a hosh ɗaya za ki samu mai igama, wato takardar izinin zama, da wanda tasa ta ƙare da wanda aka haifa a nan amma takardunsa ba su cika ba, to wa zai so motar askar ta tsaya a ƙofar gida a kan kuɗin adashe? Ga kuma rufin asiri, sata in ta kai gaban alƙali ta fi ƙarfin yafiya, labarin Safwan ɗan Umayya sananne ne da aka sace masa mayafi ya kai ɓarawon gaban Annabi (SAW), daga baya ya ce ya yafe, aka ce masa me ya sa bai yi hakan kafin ya kawo shi ba. Shi ya sa ma nake cewa ki bar kisan kai. Kisa a Makka ba abin da Gwaggo za ta warware tana dama fura ba ne, nan take hukuma za ta shigo labarin ya fita daga hannunta. Ki ɗauki kuɗin adashe, sarƙar gwal ɗin lefe, saƙon da aka ba ɗan Kano-Jidda bai isa ba, fasfo da ya yi ƙafa ana saura kwana uku tafiya, ko muryar da aka tura wa dangin ango don a fasa aure.

To yanzu mafarkin, nan ne aikin yake kuma nan ake faɗuwa. Abin da ke saurin zuwa wa marubuciya shi ne ta kai babi na ƙarshe ta rasa yadda za ta kama ɓarawo, sai ta kwantar da Gwaggo ta yi mafarki ta ga fuskarsa. Wallahi wannan cin amanar mai karatu ne, ya bi ki babi ashirin yana lissafi yana zargi, ƙarshe ki ce masa ai daga sama amsar ta faɗo. Wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na irin wannan rubutu a 1929, a ciki har da cewa ba a warware laifi da abin gaibu ko da tsintar sa'a. Mu ba ma sai mun je Ingila ba, malamanmu sun riga sun faɗa cewa ba a gina hukunci a kan mafarki, ba alƙalin da zai karɓi "na gani a barci" a matsayin shaida. Ki duba Suratu Yusuf, mafarkai ne a cikinta tun daga taurari goma sha ɗaya har shanu bakwai na sarki, amma da aka zo maganar wa ya nemi wa tsakanin Yusuf da matar maigidansa, ba mafarki aka jira ba, wani daga dangin matar ne ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne mai gaskiya. Haka nake so Gwaggonki ta yi aiki.

Dabarar ita ce hadisi ya raba mafarki uku, akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga shaiɗan, akwai kuma wanda zancen zuci ne, abin da mutum ya wuni da shi. Wannan na ukun shi ne naki. Duk abin da zai fito a mafarkin Gwaggo ya zama ta riga ta gan shi da rana, mai karatu ma ya gani, kawai dai ba wanda ya kula. Don haka daga baya za ki fara rubutu, ki san wa ya yi, don me, da wace alama ya bari, sannan ki ɓoye alamar a babin farko cikin hayaniya, sai can ki juya ta ta dawo a mafarki da wata kama.

Ga misali yadda zan tsara. Ranar suna ne a gidan mai riƙon adashe, gida cike da mata, kuɗin kwasar wata na cikin gwangwanin madara a ƙuryar ɗaki, da magariba aka duba babu. A babi na biyu kin nuna Gwaggo ta shiga ƙuryar ta yi la'asar, ta ga ɗan jan tabo a gefen sallaya ta yi tsaki ta ce yaran yanzu ba sa tsafta, kin wuce kin shiga zancen shinkafar da ba ta isa ba. A babi na uku kowa na rantsuwa, wata a cikinsu ta ce ita ko tashi ba ta yi ba tun azahar don lalle ne a ƙafarta. A babi na biyar Gwaggo ta yi mafarkin tattabara irin ta harabar Harami, mai jan ƙafa, tana tafiya a kan sallaya ba ta tashi. Shi ke nan mafarkin, layi huɗu ko biyar, kar ki ja shi shafi biyu, mafarkin wani ba ya daɗin saurare in ya yi tsawo.

Sai ki bari a fassara shi ba daidai ba tukuna. A littattafan ta'abiri, wato fassarar mafarki, tattabara sau da yawa mace take nufi, to da jin haka matan hosh za su ɗora wa amaryar da ta zo kwanan nan ko yarinyar da ke aikin gidan, a fara kallon banza, a daina amsa gaisuwa, kin samu babi uku na rikici a ɓagas, kuma kin nuna illar saurin faɗin mafarki ga kowa ba tare da kin tsaya wa'azi ba. Gwaggo ce za ta ce a'a, ni dai jan ƙafar nan ke damuna, me ya sa a kan sallaya. Daga nan ta koma ta duba tabon da idonta, ta tambayi mai lalle su wa aka yi wa ranar, mata uku ne, biyu baƙin lalle irin na 'yan Sudan aka zana musu, ɗaya ce ta ƙunsa ja. Kin ga abin da ya kama ɓarauniyar tabo ne da bakin mai lalle da ƙaryar da ta yi da kanta cewa ba ta tashi ba. Ki gwada cire babin mafarkin gaba ɗaya, in har yanzu mai hankali zai iya gano ta da abin da kika nuna, to ginin ya tsayu, in ba zai iya ba ki koma ki ƙara alama.

Wajen fassara kar ki ƙirƙiro ma'ana daga kanki ki jingina wa magabata. Wasu suna cikin hadisi ingantattu, madara ilimi ce, riga addini ce, duka biyun a kan Sayyidina Umar suka zo. Muhammadu ɗan Sirin, tabi'i ne, ya rasu a Basra shekara ta 110 bayan hijira, shi kowa ke ambata, amma littafin nan da ake sayarwa da sunansa a shagunan littattafai malamai da yawa sun ce ba shi ya rubuta ba, jingina masa aka yi, to kar malamin cikin labarinki ya ce "Ibn Sirin ya rubuta a shafi kaza", ya ce ana ruwaitowa. Na Abdulgani Nabulsi mutumin Dimashƙa da ya rasu 1731 ya fi sauƙin dubawa don a jere yake bisa haruffa. Kuma akwai ruwayar da nake ganin duk mai wannan rubutu ya kamata ta sani, wai mutum biyu sun zo wa Ibn Sirin kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa ɗaya za ka yi hajji, ɗayan ya ce masa ɓarawo ne kai, don ya dubi halin kowannensu, na farko ya ɗauko masa ayar kiran mutane zuwa hajji, na biyu ayar mai shelar da ya ce wa ayarin 'yan uwan Yusuf ku ɓarayi ne. Ma'ana alama ɗaya tana iya fuska biyu, ke kuma abin da kike nema ke nan don ki ɓatar da mai karatu ba tare da kin yi masa ƙarya ba.

Abu biyu ki kiyaye. Kar ki ƙaga mafarkin ganin Annabi (SAW) don labari ya yi armashi, wannan ba wurin wasa ba ne. Sannan mai fassararki ya zama malami ko dattijuwa mai tsoron Allah da ke cewa Allahu a'alamu, ba mai bugun ƙasa ko mai aljanu ba, kin san dai yadda hukumar ƙasar nan ke ɗaukar maganar sihiri, kuma da boka ya shigo labarin ya koma wani iri daban. Amma mai ƙaryar mafarki kam ki sa shi, yana da daɗi sosai, wata ta tashi ta ce ita ma ta yi mafarki ta ga wance da gwangwani don ta kawar da ido daga kanta, Gwaggo ta tuna mata hadisin Buhari cewa mai ƙaga mafarki za a sa shi ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama kuma ba zai iya ba, ki ga yadda fuskarta za ta canja.

Ƙarshen labarin a ɗaki za a yi shi, ƙofa a rufe, mutum uku ko huɗu da butar gahawa, ba a tsakar hosh ba. Ki ba mai laifin dalilin da zai sa a ji haushinta a kuma tausaya mata, ƙila igamar ɗanta ce za ta ƙare ta ɗauka da niyyar mayarwa in kwasarta ta zo. A tsara yadda za ta biya, wadda aka zarga a banza kuma a wanke ta a bainar jama'a, wannan kar ki manta da shi don masu karatu ba sa yafewa. In za ki dinga sakin labarin babi-babi, ki gama rubuta shi duka kafin ki saki na farko, saboda alamar da kika manta ba ki dasa a babi na biyu ba ba ta dasuwa bayan mutane sun karanta. Kafin nan ki ba wata ƙawarki mai wayo ta karanta, ki tsayar da ita daidai bayan mafarkin ki tambaye ta wa take zargi, in ta canka nan take ki ƙara lulluɓe tabon ko ki ƙara mace ta huɗu a layin lalle, in kuma ta kai ƙarshe ta ce ita ba ta ga wani tabo ba ki buɗe mata babi na biyu ki nuna mata layin.