Yadda za ka haɗa motar roba ta farko ka yi mata fenti

Duk wanda ya taso yana ƙera motar kara ko ta langa-langa da tayoyin tsohon silifas, wannan harkar ba baƙuwarsa ba ce. Bambancin kawai ita wannan a kwali take zuwa, an riga an zuba kowane ɓangare da roba, naka yankewa da mannawa da fenti. Ni da Volkswagen Beetle ta 1966 na fara, ta kamfanin Tamiya na Japan, irin kunkurun motar nan da iyayenmu suka shiga. A jikin kwalin za ka ga 1/24, wato an rage girman motar sau 24, motar da ta kai mita 4 sai ta dawo kamar santimita 17, tafin hannunka ma ya kusa ɗaukarta. Kamfanonin Amurka irin AMT sun fi yin 1/25. In za ka ji shawarata ka fara da Tamiya, kayansu na shiga juna ba sai an yi dambe ba, kuma kar ka ɗauko motar tsere mai sitika ɗari, za ta sa ka tsani sana'ar tun ranar farko.

Kayan aiki kar ka kashe kuɗi da yawa. Abin yanke farce ya isa ka cire ɓangarorin daga reshen robar da suke maƙale, sai reza sabuwa, samfefa mai lamba 600 da 1000 da 2000, hantsaki, tsinken sakace, tef ɗin takarda, ƙaramin burushi guda biyu. Abu ɗaya da ban yarda ka yi masa dabara ba shi ne gam. Nemi na irin wannan robar, kamar Tamiya Extra Thin Cement mai koren murfi, shi ba manna abu yake ba, narkar da fuskar robar yake su haɗe su zama ɗaya, shi ya sa za ka fara haɗa ɓangarorin biyu tukuna sannan ka ɗan taɓa burushin a bakin layin, da kansa zai bi ya shige. Kuma cire yatsanka daga wajen, in ya bi ƙarƙashin yatsa zanen yatsanka zai zauna a jikin robar daram.

Kana buɗe kwali kar ka hau ɓalle kaya da hannu, yana barin rami. Takardar bayani ce jagora, kowane ɓangare da lambarsa a jikin reshen, kamar A5 ko B12, sai ka zo kansa sannan ka yanke, in ba haka ba za ka tara ƙananan abubuwa ba ka san na ina ba ne. Ka yanka nesa kaɗan, ka kankare sauran da reza, ka goge da samfefa. Kafin gam ko da yaushe ka gwada su a bushe ka ga sun zauna. Masu ƙyalli irin bamba kuwa gam ba ya kama su sai ka kankare ƙyallin daidai inda za a manna.

Inji da ƙasan mota da kujeru duk da burushi ake yi, ba wuya. Fentin Tamiya na kwalba wanda lambarsa ta fara da X yana sheƙi, mai XF ba ya sheƙi, X-18 baƙi ne mai ɗan sheƙi kuma shi za ka fi ƙararwa. Ka tsinka shi kaɗan da X-20A, wato ruwan tsinka fentin, ka shafa siriri, ya bushe, ka sake. Ƙananan kaya sun fi sauƙin fenti tun suna jikin reshe.

To bodi, nan ne ake kuka. Fara duba shi a haske, za ka ga wani siririn layi da injin zubi ya bari a kan mudgad, ka goge shi da 600 sannan 1000, in ka bar shi fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi ma yake. Wanke bodin da ruwa da sabulun wanke-wanke don maiƙon hannu ya fita, ya bushe sarai. Lanƙwasa wayar hanga ka maƙale ta daga ciki da tef don ka samu mariƙi. Sai fentin ƙasa, wanda masu fentin mota ke ce wa firaima, in kalar mai haske ce kamar ja ko ruwan ɗorawa ka sa fari, in mai duhu ce toka-toka ya yi.

Gwangwanin feshi ka girgiza shi minti 2 cikakku, ka tsaya kamar santimita 25 daga motar, ka fara danna kan tun kafin ka iso jikinta ka wuce sannan ka saki, kar ka taɓa tsayawa a waje ɗaya. Feshin farko yayyafi ne kawai, za ka ga firaima na leƙowa, ranka zai ce ƙara mana, kar ka ƙara. Jira minti 15 zuwa 20 ka sake yayyafi, sai a na uku ko na huɗu ka ɗan sake hannu har ya yi sheƙi. In ka matso da yawa fentin zai yi hawaye, in ka yi nisa ya bushe a iska ya sauka da gurje-gurje kamar ɓawon lemo. A waje za ka yi ko bakin taga, da takunkumi, nesa da wuta.

Gwangwanayen feshi suna da wuyar odar daga waje tunda ba a cika yarda a sa su a jirgi ba, to in na kasuwa ka samu, gwada shi tukuna a kan guntun reshen robar da ka gama da shi. Wasu suna da zafi, suna cin robar ta yamutse, gara ka gani a kan shara.

Ni abin da ya kayar da ni ƙura ce. Cikin hunturu na yi feshin, jan ya fito tas har ina ɗaukar hoto, na bar ta a kan tebur na shiga sallar la'asar, ina dawowa rufin ya zama kamar an barbaɗa masa gari. Daga ranar, kafin in taɓa gwangwani sai na yayyafa ruwa a ƙasa, na tanadi kwali mai tsabta, ina gamawa in kife shi a kanta. In ƙura ta riga ta hau kar ka ce za ka cire da yatsa, bar ta ta bushe kwana 2, ka goge wajen a hankali da 2000 da ruwa, ka sake feshi siriri. Kuma kar zafin nema ya sa ka shanya ta a rana, ranarmu tana lanƙwasa roba. Inuwa, kwana 3 aƙalla, mako ma ya fi, in ka sunsuna ka ji warin fenti to cikinsa bai gama ba.

Gilas shi ma da labarinsa. Na sa masa sufa gulu ina ganin ai ɗigo ɗaya ne, washegari gilashin gaba ya yi fari fat kamar hazo, tururin gam ɗin ne ke yin haka. Farin gam na kafintoci irin Top Bond shi ne maganin, ka ɗebo da tsinken sakace ka ɗiga a gefe-gefe, yana bushewa ba a ganinsa, wanda ya fito waje ka share da jiƙaƙƙen auduga. Fitilun baya ka shafa X-27, jan fenti da haske ke ratsawa, daga ciki, na sigina X-26, irinsa mai ruwan lemo, za su fito kamar na gaske.

Sitikar ba irin ta ɓarewa ba ce. Yanke guda ɗaya, tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 10, ajiye ta a kan tsumma har ta fara zamewa, sannan ka tura ta daga takardar zuwa jikin motar da jiƙaƙƙen burushi, ka danne ruwan da auduga daga tsakiya zuwa baki.

Wajen ɗora bodi a kan ƙasan motar ka ɗan buɗa gefensa da yatsu a hankali, ka fara shigar da baya ko gaba yadda takardar ta nuna. Madubin gefe da waifa su ne na ƙarshe, da hantsaki, kuma ka shimfiɗa farin zani a ƙasa kafin ka fara, don nawa madubin tsalle ɗaya ya yi daga bakin hantsakin, har yau kunkuruna ba madubi take zaune a saman kabad.