Yadda za ka kai ƙarar kamfanin kebul gaban ƙaramar hukuma a Amurka

A shekarata ta farko a Amurka, kwana huɗu talabijin ɗinmu na kebul ya yi a mace. Na kira kamfanin har na gaji, kullum "ga ma'aikaci nan tafe", kullum shiru. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ce in ɗauko bil ɗin wata in duba da kyau. Can ƙasa, cikin ƙananan rubutu, na ga sunan wani ofishi na majalisar garinmu da adireshi da lambar waya. Ashe gari yana da ta cewa a kan kamfanin.

Dalili kuwa, wayoyin kamfanin ta gefen titunan gari suke bi, a kan turaku ko a ƙarƙashin ƙasa, don haka sai ya ƙulla yarjejeniya da hukuma. Dokar kebul ta 1984 ta ba ƙaramar hukuma damar karɓar har kashi 5 cikin 100 na kuɗin da kamfanin ke samu daga kebul a yankin, da kuma neman a ware tashoshi don jama'a da makarantu da zaman majalisa.

Fara da littafi da biro. Duk kiran da ka yi, rubuta rana da sa'a da lambar ƙorafin da suka ba ka. Ma'aikacin hukuma ba zai iya yin aiki da "sun wulaƙanta ni" ba, amma idan ka ce ranar kaza hoto ya ɗauke, ba a zo ba sai bayan kwana huɗu, ka ba shi makami. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta shimfiɗa ƙa'idoji bayan dokar 1992: a fara gyara cikin sa'a 24 da samun labari, kada tazarar lokacin da aka ce ka jira ma'aikaci ta wuce sa'a 4, a kuma sanar da kai kwana 30 kafin ƙarin farashi. Ƙaramar hukuma ce ke tilasta bin su, ita za ka rubuta wa, ka haɗa da kwafin bil.

Ka fara tabbatar da wanda ke riƙe da yarjejeniyar. A jihar Texas tun 2005, da jihar Kalifoniya tun 2006, an mayar da ikon ba kamfanin kebul izini hannun gwamnatin jiha. Batun tsadar farashi kuma, kada ka ɗora rai, tun 2015 FCC ta ɗauke yawancin wannan iko daga garuruwa. Ni dai hakan yana mini ciwo, domin mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun kunnen kansila a kan na Washington. Ƙorafi a kan layin intanet ɗinka kuwa, ka kai shi shafin FCC, kamfani zai ba da amsa cikin kwana 30.

Sai lokacin sabunta yarjejeniya, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Ana soma shiri kusan shekara uku kafin ta ƙare, kuma a kan buɗe ƙofa jama'a su faɗi yadda kamfanin ya yi. Tambayi magatakardan gari ranar ƙarewarta, ka je zaman da littafinka. Wanda na halarta, mu bakwai ne kacal a zauren, lauyan kamfanin kuwa yana gaba yana rubuta duk abin da muka faɗa.