Yadda za ka raini furen wardi a tsakar gida, da shukokin da suka dace su zauna kusa da shi

Yawancin masu sayen furen wardi, wato ros ɗin nan mai ƙaya da ƙamshi, kuka ɗaya suke yi: an sayo shi da kyansa a wajen masu fulawa na bakin titi, ya yi wata biyu yana fure, bazara na shigowa sai ya fara ƙonewa daga saman ganye har ya bushe ƙarmas. Sai a ce ai ba ya yi a ƙasarmu. Yana yi mana, amma fa shukar wuri mai sanyi ce, shi ya sa yake jin daɗin Jos da ke kan tudu wajen mita 1,200, kuma ko a Saudiyya ba a Makka ake nomansa ba, a Ɗa'ifa ne can saman duwatsu inda ake tatsar turarensa. To kai da kake Kano ko Sakkwato ko Maraɗi inda zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, aikinka na farko ba taki ba ne, kare saiwar daga zafi ne, duk sauran abubuwan a bayan wannan suke.

Fara da wuri. Ka tsaya a tsakar gidanka ka lura ina rana take faɗowa da safe, ina take dukan wuri bayan azahar. Wardi yana son rana kamar awa 6, amma ta safe, daga fitowarta zuwa wajen sha biyu ko ɗaya. Gindin katangar da ke kallon gabas shi ne daidai, don da rana ta karkata katangar za ta yi masa inuwa. Katangar da ke kallon yamma kuwa kar ma ka fara, bulon siminti yana shan zafi ya yi ta amayo shi har bayan isha'i, ganyen sai ya soye. Ka ja da baya daga katangar kamar rabin mita don iska ta riƙa zagayawa. Kuma dan Allah a nisanta shi da darbejiya da mangwaro da bishiyar turare, ba inuwarsu kaɗai ba ce matsalar, saiwarsu tana bin laima, duk ruwan da ka zuba su za su sha.

Lokacin dasawa ƙarshen damina ne, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran laima ga sanyi na tafe, kafin bazara ta zo ya riga ya kafa saiwa. Wanda ya dasa a Maris kuɗinsa kawai ya zubar. Wajen saye kar furen ya ruɗe ka, ɗaga ledar ka duba ƙasanta, in saiwa ta fito ta kama ƙasa an fizgo ta ka bar shi, ka nemi mai rassa biyu ko uku masu kauri, sannan ka juya ganyen ka duba bayansa ko akwai ƙwari.

Rami zurfin santimita 50, faɗi ma haka, tsakanin wannan da wancan santimita 60 zuwa 90. Ka cakuɗa ƙasar da ka haƙo da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, na shanu ko na awaki, wanda in ka damƙa ba wari ba ɗumi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma gara yake kira, ita kuwa gara in ta shiga gindin wardi sai dai ka wayi gari ka ga ya langaɓe. In wajenku jigawa ce ka ƙara taki don ya riƙe ruwa, in laka ce mai kwantar da ruwa ka ɗaga wurin ya zama kamar kunya, don ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. In mai aure ne, za ka ga wani ƙulli a gindinsa inda aka haɗa shi, ka bar ƙullin a saman ƙasa kaɗan, kuma duk tohon da ya fito daga ƙasan ƙullin ka cire shi tun yana ƙarami, na uwar gindin ne, in ka bar shi zai ƙwace abincin ya kashe na saman.

Ban ruwa a gindi ake yi, ba a kan ganye ba, kuma a ƙoshar da shi ya nutse maimakon yayyafi kullum. Da hunturu bayan kwana biyu ko uku ya isa, ka tura yatsa cikin ƙasa ka ji, da bazara kuwa kullum ne da sassafe, na cikin tukunya ma wani lokaci har da yamma. Ruwan wanki mai omo da ake watsa wa shuke-shuke a gidajenmu, wannan kam banda wardi. Sai a rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili kar ya taɓa jikin itacen, a riƙa ɗagawa ana leƙa gara. Takin zamani NPK 15-15-15 cokali ɗaya a zagaye nesa da gindi duk wata, a bi da ruwa, amma daga Maris zuwa saukar ruwan sama a dakata, sabon toho a wannan zafin ƙonewa kawai zai yi.

Yanzu maganar maƙwabtansa, wadda a nan ne ake yawan zuzuta abu. Za ka ji ana cewa shuka tafarnuwa ƙwari ba za su zo ba, gaskiya ni ban ɗauke ta a matsayin magani ba, tana dai ragewa ne ba korewa ba. Amfaninta na zahiri shi ne saiwarta gajeriya ce ba ta gasa da wardi, ba ta tsawo balle ta tare masa iska, kuma lokacinta ɗaya da nasa, da hunturu ake shuka ta. Ita da albasa mai lawashi a jera su zagaye, taƙi ɗaya da rabi daga gindin. Sai dai kar ka sa ran manyan kawuna, don tafarnuwa tana so a yanke mata ruwa in ta kusa nuna, shi kuwa wardi ba za a yanke masa ba, ka ɗauke ta a ta ganye kawai.

Wadda na fi ba wa muhimmanci ita ce marigol, fulawar nan ruwan ɗorawa mai warin ganye da ake samu ko'ina. A ƙasa mai yashi akwai wasu tsutsotsi da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, irin wanda ake gani in an tuge tumatir ko kuɓewa da suka ƙi girma. Saiwar marigol tana fitar da wani sinadari da ke rage su, amma ba tushe ɗaya ko biyu ba, dabarar ita ce ka cika wurin da ita da damina kamar wata biyu kafin ka dasa wardin, sannan ka sare ka juya ta cikin ƙasa. Aibinta ɗaya, da zafi tana tara jan ƙwaron nan ɗan mitsitsi mai saƙa kamar ta gizo-gizo a bayan ganye, to da ka ga ta fara yin fari-fari a bazara ka tuge ta ka kai nesa. Saboda waɗannan ƙwarin biyu ne ma tumatir da kuɓewa da yalo ba sa zama kusa da wardi, ko a wurin da aka cire su bana kar a dasa shi.

Ɗoɗɗoya ma tana da kyau, furenta na jawo zuma da ƙananan ƙwarin da ke cin darɓa, wato 'yan ƙwarin nan masu tsotse ruwan sabon toho, ga shi uwar gida ta tsinka ta sa a miya, sai dai a riƙa datse ta kar ta fi gwiwa. Na'a-na'a kuwa a tukunya kawai, in ka sake ta a ƙasa za ta mamaye wurin ta shige cikin saiwar wardin, cire ta sai an yi ɓarna. Don rufe ƙasa da bazara akwai 'yar fulawar nan mai ganye kamar shinkafa da ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, tana shimfiɗuwa ta hana rana dukan ƙasa kuma ba ta da shan ruwa, ka dai hana ta hawa gindin. In kuma iskar hunturu na kaɗawa sosai ta wajenku, layin lalle daga arewa maso gabas, mita biyu nesa, zai tare ƙura.

Darɓa in ta taru a kan sabon toho, fara da wanke ta da ruwa mai ƙarfi da safe. In ta dawo ka daka ƙwayar 'ya'yan darbejiya kamar giram 50, ka jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, ka tace ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan ka fesa da yamma har bayan ganye, ka maimaita bayan sati. Da damina kuma baƙin tabo ne ke fitowa a ganye ya zama rawaya ya zube, maganinsa na farko tsince ganyen har wanda ya faɗi ƙasa a ƙona, a kuma rage maƙwabtan da suka cunkushe shi.

Aski babba sau ɗaya ne a shekara, a Oktoba. Almakashi mai kaifi, ka cire busassun rassa da masu goga juna da waɗanda ba su kai kaurin fensir ba, sauran ka rage kashi ɗaya cikin uku, yankan a karkace ɗan sama da idon toho da ke kallon waje. Bayan sati 6 zuwa 8 za ka ga fure, daidai tsakiyar sanyi lokacin da ya fi girma da ƙamshi. Duk furen da ya yi yaushi ka yanke shi zuwa kan ganye mai 'ya'ya biyar na farko don wani ya fito. Rassan da ka aske masu lafiya kar ka zubar, yanka su santimita 20, cire ganyen ƙasa, soka rabinsu a leda mai yashi da ɗan taki ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, ba duka za su kama ba don haka ka soka da yawa. Kuma in akwai akuya a gidan, shingen waya kafin komai, ƙayar nan ba ta hana ta ci.