Yadda na gano yoyon rufin gidana a unguwar Talladje ta birnin Yamai

A watan Maris na sayi gidan, rana tsaka, ba ko alamar hadari. Silin ya sha sabon fenti, ni kuwa ban tambayi dalili ba. Ruwan farko na Yuni ya zubo mana har kan katifa.

Sau biyu ina liƙa kwalta daidai saitin ɗigon, bai hana ba. Sai kawuna, tsohon magini, ya ce: "Ɗana, ruwa ba ya zuba inda ya shiga, bin katako yake yi." Da azahar ya sa na leƙa cikin silin ba fitila. Haske na ratsowa ta ƙananan huji wajen goma, nesa da inda nake ta liƙi. An buga ƙusoshin a kwarin kwano, inda ruwa ke gudu, maimakon kan tudunsa, robobinsu kuma rana ta cinye su.

Na sayo ƙusa mai hula da kwano biyu a kasuwar Katako. Muka toshe tsofaffin hujin, muka sake bugawa a tudu. Indararo ma ya cika da ƙurar hunturu da leda, muka kwashe. Katako ɗaya da gara ta ci muka canza, sauran muka shafe da baƙin mai.

Kafin kawu ya sauko, yaro ya yi ta kwara bokiti daga ƙasan rufin zuwa sama, ina ciki ina kallo. Agusta ta wuce, ɗaki a bushe.