Faɗa-wutar fatalwa da naman gwarin da ke kashe tsutsarsa: kurakuran da na gaji da gyarawa

Kowace shekara sai ɗalibai sun zo mini da hoton nan a waya: busasshiyar tsutsa, wani tsinke ya fito mata ta ka. Bayaninsu kuma ɗaya ne kullum, wai halitta ce mai zama tsutsa da sanyi, ta rikiɗe ciyawa da zafi. Sunan ne ya ruɗe su, don mutanen Tibet na ce mata yartsa gunbu, wato ciyawar bazara, tsutsar hunturu. Halittu biyu ne, ɗaya ta kashe ɗaya. Tsutsar ɗiyar wani faɗa-wuta ce na jinsin Thitarodes, cikin dangin Hepialidae, tana shekaru a cikin ƙasa tana cin saiwa. Naman gwarin, Ophiocordyceps sinensis, shi ke shiga jikinta ya cinye cikin, ta mutu kai sama dab da doron ƙasa, sannan ya fito da tsinken da zai watsa irinsa. A tudun Tibet da tsaunukan Himalaya ake tono ta, sama da mita 3,000, cikin Mayu da Yuni.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai kuwa, ni na fara yin sa. Wata damina na tono tsutsotsi a wata gona wajen Mirriya, na zuba a kwalba na toshe. Kwana huɗu, wani farin gashi kamar auduga ya lulluɓe su. Ban yi barci ba don murna, na ce ga irin na Tibet a ƙasar Damagaram. Na cika takarda da bayani, na cire kuɗin mota daga albashina, na kwashi kilomita wajen 900 zuwa Yamai. Masanin da na kai wa ya buɗe murfin, wari ya bugo, ya ce, "Malam, zafi da rashin iska suka kashe su. Wannan funfuna ce, irin ta kwantan tuwo." Kuɗi ya tafi, ga ɗalibai da na riga na koya wa abin da ba shi ba, sai da na tsaya gabansu na warware.

To ku da kuke toshe kwalba ku ajiye bayan ɗaki, ku daina! Funfunar da ta hau gawa daban, naman gwarin da ya kama ƙwaro da ransa daban. Ni dai yanzu ƙyalle nake ɗaura wa bakin kwalba, in sa ƙasar wurin da saiwar da na samu tsutsar a kai, in duba safe da yamma in rubuta. Na kuma saba taɓa gawar da tsinken tsintsiya: wadda naman gwari ya kashe takan sandare ta yi tauri, wadda ta ruɓe kuma sai ta lotsa tana ruwa. Wanda bai ga tsutsar da ranta ba, kada ya kawo mini labari.

Murzunar da ke ɓarna a zangarniyar gero ba ta cikin dangin Hepialidae, ita ƴar dangin Noctuidae ce. Masu rubuta Cordyceps sinensis su gyara, an sauya sunan zuwa Ophiocordyceps sinensis tun 2007. Naman gwari mai launin ruwan lemo da ake nomawa a ɗaki ana sayarwa, Cordyceps militaris ne, wani abu daban. Kada kuma a ce babban faɗa-wutar yana shan ruwan fure: ba shi da bakin ci, da kitsen da ya tara yana tsutsa yake ƙarasa ƴan kwanakinsa. Batun fatalwa a sunan faɗa-wutar ba ruwansa da aljanu. Mazan wani ɗan dangin, Hepialus humuli na Turai, su ne farare fat kamar fatalwa, suna reto bisa ciyawa da magariba don jawo mata.

Abin da ke ba ni takaici, duk hankalin yaranmu na Tibet, alhali naman gwarin Metarhizium acridum da aka yi maganin fara na Green Muscle da shi, a jikin wata fara aka samo shi nan Nijar. Farar da ya kashe takan yi ja tukuna, in da laima sai koren gari ya rufe ta. Shi nake tura ɗalibaina nema a gonaki ƙarshen damina.