Yadda Marubucin Karkara Zai Haɗa Gayyar Masu Taya Shi Aiki

Marubucin da ke zaune a wani ƙauye na ƙasar Ringim ko Gumel yakan shafe watanni shi kaɗai da littafin rubutunsa, ba edita, ba abokin shawara, har ya kai ga rasa gane ko abin da yake rubutawa yana da daɗi ko kuwa shi kaɗai yake jin daɗinsa. Maganin wannan ba sai an kafa ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba. Abin da yake bukata shi ne gayya irin ta noma: mutum huɗu ko biyar, kowa da ɓangaren da ya iya, a kira su idan aiki ya taso, a kuma rama musu ranar da nasu ya zo. Marubutan ƙungiyar Raina Kama a Kano sun yi irin wannan taimakon juna a wajajen shekarun 1990, suna buga littattafai da kuɗinsu, suna tallata na juna, kuma babu abin da zai hana na ƙauye ya yi daidai ƙarfinsa.

Ka fara da mai sauraro, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a cikinsu. Ka nemi dattijo ko dattijuwa mai kunnen Hausa, ko da bai taɓa shiga aji ba, ka riƙa karanta masa babi ɗaya da baki bayan sallar la'asar, kana kallon fuskarsa. Inda ya gyara zama ya matso, nan labarin ya kama. Inda ya fara kallon awakin da ke wucewa, nan ka yi tsawon da ba shi da amfani. Na taɓa karanta wa wani ƙanen kakana labarin da na sa manomi ya girbe gero da dawa rana ɗaya. Yana zaune a kan buzunsa a gindin darbejiya, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, a wace gonar aka yi haka? Ai gero ya daɗe a rumbu kafin dawa ta nuna." Na ce, "Baba, na gode, zan gyara." Shekaruna nawa ina zuwa gona, amma sai da na zo rubutu abin ya kuɓuce mini, kuma da littafin ya fita a haka, da duk manomin da ya karanta ya daina yarda da sauran labarin.

Daga nan sai mai gyaran rubutu. Da wuya a rasa malamin Hausa a makarantar firamare ko sakandaren da ke kusa, kuma da yawa daga cikin na Jigawa a Kwalejin Ilimi ta Gumel suka yi karatu. Ka kai masa rubutun, ka faɗa masa ƙarara cewa ƙa'idojin rubutu kake so ya duba: haruffa masu lanƙwasa, da raba kalma da haɗe ta, da alamomin tsayawa. Wanda ya rubuta kafa inda ake nufin ƙafa ya sauya ma'anar jimla gaba ɗaya. Kada ka ɗora masa hukuncin ko labarin ya yi kyau, domin wannan aikin wani ne, kuma mutum ya fi ba ka amsa mai amfani idan tambaya ɗaya ka yi masa.

Masu sanin abin da kake rubutu a kansa kuwa suna sauyawa daga labari zuwa labari. Idan akwai haihuwa a ciki, a tambayi ungozoma. Idan cinikin shanu ne, ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya kusa da dillalai ka ji yadda suke magana. Duk inda ka kawo aya ko hadisi, kada ka saki rubutun sai malami ya gani.

Akwai kuma abokin sana'a, wato marubuci ɗan'uwanka wanda za ku riƙa musayar aiki ta WhatsApp, ko da yana Haɗejia kana Kazaure. Ku tsayar da rana, misali duk Juma'a kowa ya turo shafi biyar, domin kunyar zuwa hannu rabbana takan sa mutum ya zauna ya yi rubutu. Mutum ɗaya amintacce ya fi taron da ba ka san kowa a ciki ba, kuma ban ba da shawarar a zuba cikakken littafin da ba a buga ba a irin wannan taro. 'Yan'uwa mata da fita ba ta yi musu sauƙi suna iya haɗa tasu gayyar daga cikin gida da Islamiyya, musamman masu shirin shiga Hikayata, gasar rubuta gajerun labarai ta mata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016.

Ka lura da lokacin mutane. Da damina kowa yana gona daga asuba, don haka ka yi rubutunka kai kaɗai a wannan tsakanin, ka tara tambayoyinka sai bayan kaka. Kuma kada ka je hannu banza. Dattijon nan a riƙa masa goro, malamin makaranta a sa masa katin waya ko a taya shi juya takardun jarrabawa, abokin rubutu kuma a karanta nasa da irin kulawar da kake so a yi wa naka. Idan littafin ya fito, ka nemi izininsu ka sa sunayensu a shafin godiya, sannan ka kai wa kowa kwafinsa har gida da kanka.