Yadda nake kiwon ɗan kifin gobi a ruwan zartsi

Gobin da nake kiwo a tankin gilashi shi ne mai ratsin baƙi da rawaya, wanda masana ke kira Brachygobius. Da ƙyar yake wuce santimita 4. Asalinsa Kudu maso Gabashin Asiya ne, irin su Indonesiya da Malesiya, inda kogi ke haɗuwa da teku. Masu sayarwa galibi a ruwan daɗi suke ajiye shi, don haka kafin ka biya, ka tambayi irin ruwan da yake ciki.

Gishirin da za ka saya shi ne wanda aka haɗa musamman don kifin teku. Na girki ba zai yi ba, domin ba shi da sauran ma'adinan da ke hana ruwa yin tsami. Ni ina tsayar da nawa a 1.005 a ma'aunin nauyin ruwa, wato kusan giram 7 a kowace lita, alhali na teku yana kusa da 1.025. Ka sayi ma'aunin, kada ka yi da ka. A bokiti ake narkar da gishirin tukuna, ba a zuba shi kan kifi. In daga ruwan daɗi kifin ya fito, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kamar 0.001 a mako, saboda ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin matatar ruwan, masu cinye dattin kifi, su ma sai sun saba. In suka mutu, amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi, za ta taru, ita ce kuma ke kashe kifin.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Ruwa yana ƙafewa, gishiri kuwa yana nan. To in ka ga ruwan ya ragu, ka cike da ruwan daɗi zalla wanda aka cire wa kulorin. Sai ranar canjin ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, za ka haɗa sabo mai gishiri daidai da wanda ka kwashe. Zafin ruwan kuma tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin Celsius.

Abinci ne ainihin rigimar. Wannan kifi ba ya kallon busasshen abinci, ko da yunwa za ta kashe shi. Abin da ke motsi yake so: jar tsutsa, ko ƙananan jatan landen artemiya. Daskararriyar tsutsa ma yana karɓa in ka narkar da ita ka saki gabansa da ɗan bututu, ruwa ya kaɗa ta. Ba shi da sauri, yana zaune ne a ƙasa ko ya manne da gilashi da fikafikan cikinsa. In ka haɗa shi da kifaye masu zalama, za su cinye kafin ya motsa. Ni irinsa kaɗai nake ajiyewa, ba na haɗa shi da wasu kifaye. Duk safiya ina duba cikinsa, in ya shafe, abinci ba ya kai masa.

Ka shimfiɗa yashi mai laushi, ka jera bawon katantanwa, duwatsu da guntun bututu, maɓoya ta fi kifin yawa. Shida ko fiye sun fi biyu zama lafiya, domin mai ƙarfi ba zai tsangwami ɗaya shi kaɗai ba. In namiji ya shige rami ya ƙi fitowa kwanaki, kada ka taɓa ramin, mai yiwuwa ƙwai yake gadi.